Zuwa Ga Uwani, Mai Tafiya Karatun Jiragen Sama

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sami masauki, kin kuma huce gajiyar hanya. Na ce wa Innarki ta sa miki ita a ƙasan jaka, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa. Kin san halina. In da baki zan yi miki magana, ba zan wuce "Allah ya kiyaye hanya" ba, daga nan sai in koma duba tayoyin motar kamar ni zan tuƙa ta.

Kwana uku na yi ina rubuta ta a rumfata, tsakanin la'asar da magariba, idan masu kawo gyara sun ɗauke ƙafa. In kin ga tabon baƙin mai a gefen takardar, hannuna ne, ki yi haƙuri. Labarin gida ba zan ba ki ba, tunda yanzu kika bar shi. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, to yau ina so in yi miki magana kamar yadda zan yi mata da tana raye, ba ɓoye-ɓoye.

Takardar da jami'a ta aiko ta ce an ɗauke ki karatun digiri na injiniyancin jiragen sama da na sararin samaniya. Sai da kika maimaita min sunan sau uku kafin ya zauna min. A majalisa "karatun ƙera jirgi" suke cewa, wasu ma har sun mai da ke direbar jirgi, na gyara musu har na gaji na bar su. Ni dai abin da na fahimta shi ne za ki koyi yadda ake tsara jirgi, da injinsa, da fukafukansa, har da tauraron ɗan'adam da kumbon da ke kai shi sama. Ban san komai a wannan fanni ba. Abin da na sani injin ban ruwa ne da injin niƙa, da damina kuma in koma gona kamar kowa. Saboda haka ba zan koya miki karatunki ba. Kurakuraina zan ba ki labari, don su ne abin da na mallaka wanda ba za ki samu a aji ba.

Ina da shekara ashirin mahaifina ya kai ni Kano koyon gyara wajen wani mutum, Malam Iro, da ke da shago a wajen Ungogo. A lokacin gonaki ne kewaye da wurin, ba gidajen da suka cika shi yanzu. Jirage kan bi ta kanmu ƙasa-ƙasa in za su sauka, har sai mun dakata da magana sun wuce. Malam Iro gwani ne, amma ba ya son maimaita abu. Mu huɗu ne a hannunsa, sauran ukun 'yan birni, ni kaɗai ne ɗan ƙauye, kuma ba su bar ni na manta da haka ba. Ranar da ya nuna mana saitin famfon mai na injin dizal, hannunsa ya yi sauri, ban kama ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Sa'idu, ka gane?"

Na ga sauran sun zuba min ido. Na ce, "Na gane, Malam."

Ban gane ba. Washegari kunya ta hana ni komawa kan maganar, bayan wata guda ta ƙara nauyi, har na gama shekaruna na dawo gida ban iya wannan saiti ba. Kusan shekara ashirin, duk wanda ya kawo min irin wannan gyara sai in ce kayan aikinsa ba sa kusa, ya kai Bichi. Mutane suna ce min gwani, ni kuwa na san ramin da ke cikin gwanintar. Sai da na kai arba'in na hau mota na je Bichi wajen wani makanike, Habu, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, na ce masa, "Malam Habu, zuwa na yi ka koya min saitin famfon mai." Ya ɗauka wasa nake. Da ya ga da gaske ne ya jawo min benci. Kafin a kira azahar na iya. Uwani, abin da na ɓoye shekara ashirin, safiya ɗaya ya ci.

Za ki shiga aji da 'ya'yan da suka taso da kwamfuta a ɗakinsu, waɗanda Turanci ke fita bakinsu kamar ruwa. Ke makarantar gwamnati kika yi, inda ɗakin gwaje-gwaje ya fi yawan zama a kulle. Dole akwai ranar da malami zai cika allo da lissafi, ya juyo ya ce kun gane, kowa ya gyaɗa kai. Kada ki gyaɗa naki in ba ki gane ba. In ɗaga hannu ya yi miki nauyi, ki nemi wata a cikin ɗalibai ku je ofishinsa tare, ko ki tambayi wanda ya fi ki a ajin ko da kin girme shi. Kuma ina tabbatar miki, rabin masu gyaɗa kan nan irina ne. Daga baya na ji cewa ɗaya daga cikin 'yan birnin nan uku shi ma bai iya saitin ba.

Da na dawo daga Kano kuwa, kaina ya kumbura. Ina da akwatin sifanu, ina da agogo, ina jefa Turancin da na tsinta a shago. Na dubi gonar kakanki na ga duk abin da yake yi tsohon yayi ne. Shi takin gida yake kaiwa da jaki tun da rani, ya zuba tsibi-tsibi, ya jira ruwa. Na ce masa ya ba ni gefe guda in nuna masa noman zamani. Bai yi gardama ba, ya ce, "Ga ta can, daga bakin kuka zuwa iyakar gidan Malam Audu." Na samo takin zamani na ɗura wa geron a gindi, hannu cike, kuma ban jira ƙasa ta jiƙe ba, don a ganina in kaɗan yana da amfani to mai yawa ya fi. Ruwa ya ɗauke kwana goma. Gerona ya ƙone ƙurmus, nasa yana gefe kore shar. Duk wanda zai wuce kasuwar Tsanyawa ta nan yake bi, kowa ya gani. Kakanki ya bari sai ranar girbi. Ya miƙo min lauje ya ce, "Injiniya, zo ka taya ni yanke nawa, tunda naka ya huta da kai." Har ya rasu in yana son tsokanata Injiniya yake ce min. Yanzu ga shi Allah zai kawo injiniyar gaske gidan, shi kuma ba ya nan balle ya gani.

Takin zamani ba shi da laifi, yau kowa da shi yake noma. Ni ne na zo da rabin sani da cikakken raini. Za ki dawo hutu kin ga abubuwan da ba wanda ya taɓa gani a garin nan. Za ki ga kuskure a yadda muke yin abubuwa, kuma wani lokaci ke ce da gaskiya. Ki faɗa, ba na so ki yi shiru. Amma ki fara tambayar dalilin da ya sa ake yin abin haka, don mutanen da suka ci daga ƙasa ɗaya tun kaka da kakanni ba ta gaji da su ba, akwai abin da suka sani. Kuma in kin dawo ki zagaya gidajen maƙwabta ki durƙusa ki gaishe su kamar yadda kika saba. Su suka cika gidanmu da guɗa ranar da takardarki ta zo.

Yanzu zan gaya miki wanda ya fi nauyi. A dalilinsa na ɗauki biro tun farko.

Kin san Baba Ɗanjuma, abokina, kin kuma san hannunsa na dama ba ya dunƙulewa, da hagu yake riƙe fartanya. Kin taso kin gan shi haka, an ce muku injin niƙa ne ya ji masa. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba.

Shekarar da aka yaye yayanki Nasiru, Ɗanjuma ne ke tuƙa injin niƙan Alhaji Mudi na bakin kasuwa. Saura kwana uku ƙaramar sallah injin ya fara wani irin kuka, aka aiko min. Na tarar da kwanuka da buhuna sun yi layi har bakin titi, kowane gida yana son garin tuwon sallah. Na kwance bel, na sauya abin da ya ci, na sa giris. Ina goge fuli, wato ƙarfen nan mai kama da faranti da bel ke juyawa a kansa, sai na ga tsaga a jikinsa, siririya kamar silin gashi, ta taso daga tsakiya. Na sa farce na bi ta. Na san ko mece ce. Malam Iro ya sha gaya mana irin wannan ƙarfe ba ya lanƙwasa, fashewa yake.

Alhaji Mudi yana tsaye a kaina. Ya ce, "Malam Sa'idu, yaya? Zai kai mu bayan sallah?"

Sabon fuli sai an je Kano, kwana biyu ke nan inji a tsaye. Na dubi layin nan, na ji matan suna cewa ai tunda Malam Sa'idu ya zo an gama. Daɗin maganar ya shiga kaina. Ban so a ce ni na hana gari niƙan sallah ba. Na ce a raina bayan sallah zan gaya masa a sauya. Na mai da bel, na ce, "Zai kai, in sha Allahu."

Ban gaya wa Alhaji na ga tsaga ba. Ban gaya wa Ɗanjuma ba, shi da zai wuni tsaye a gefen ƙarfen.

Ranar jajibere da hantsi fulin ya fashe. Ɓari guda ya huda kwanon rumfar ya fita, ɗayan ya sami Ɗanjuma a hannu. Da a kai ya same shi, ko da ya sami ɗaya daga cikin masu jiran niƙa, da wani labarin ake yi. Ni na riƙe shi a mota har asibiti, jininsa a rigata. Ana ta cewa ƙaddara ce, tsautsayi ne, ni ma ina cewa haka. Har yabona aka yi wai na tsaya wa abokina. Na yi ta hidima da gidansa, na noma masa gonarsa damina biyu, duk wanda ya gani ya ce zumunci ne. Ni na san ba zumunci kaɗai ba ne.

Shekara tara ina ɗauke da abin nan. Innarki ma ban gaya mata ba. Wata rana da kaka muna hutawa a gindin ɗorawar gonarsa, na ga yana fama da ɗaure damin dawa da hannu ɗaya da haƙori. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ɗanjuma, fulin nan na Alhaji Mudi, na ga tsaga a jikinsa ranar da na yi gyara. Na gani na yi shiru."

Ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Sa'idu, da safen ranar na ƙara ɗaure bel ɗin don yana zamewa. Shekara tara ina cewa ni na jawo wa kaina. Ko matata ban iya gaya wa ba." Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa ya tafi, ya bar ni zaune.

Kin ga shirun nawa bai tsaya a hannunsa ba, har zuciyarsa ya ci. Wata biyu ba ya yi min magana. In mun haɗu a masallaci sai ya sauya sahu. Ban ga laifinsa ba. Ran nan ina rumfa sai ga shi ya turo injin ban ruwansa a baro. Ya sauke, ya zauna a bencin da ya saba zama, ya ɓare goro ya miƙo min rabi. Ya ce, "Duba min wannan. In ka ga tsaga kuma, ka faɗa." Muka yi dariya, ni ina yi ina share ido. Ya yafe min, Allah ya saka masa da Aljanna. Amma hannun bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba.

Uwani, injin da na yi wa haka a ƙasa yake, a kafe, mutum ɗaya ne a gefensa. Abin da za ki koya yana ɗaukar mutane cike da cikinsa ya yi sama da su, inda ba gefen titin da za a tsaya a duba. Wata rana za a kawo miki lissafi ko wani ƙarfe a ce ki duba ki sa hannu. Za a sami wani Alhaji Mudi a kanki, mai gaggawa, wataƙila shugabanki ne, wataƙila ma mutumin kirki ne kamar yadda Alhaji yake, shi dai a ce masa zai kai. In kin ga tsaga ki ce kin gani. In ba ki tabbata ba ki ce ba ki tabbata ba. Kada ki sa "in sha Allahu" ta rufe abin da idonki ya gani, ba don haka aka ba mu kalmar ba. Kuma wannan hali ba ranar da kika kama aiki ake fara shi ba. Tun daga aji ne: in gwaji ya ba ki sakamakon da bai yi daidai da na littafi ba, ki rubuta abin da kika samu, kada ki kwafi na ta kusa da ke don ya yi kyau. In kuma kin riga kin yi kuskure, don za ki yi, ki faɗa a ranar. Da a asibiti na gaya wa Ɗanjuma, da fushin wata biyun zai yi, amma da bai yi shekara tara yana zargin kansa ba.

Na nemi izininsa kafin in rubuta miki wannan. Cewa ya yi, "Gaya mata. In hannuna zai hana jirgi faɗowa, ai bai tafi a banza ba."

Saura laifina da ke kanki.

Ko kin tuna wani rani, kina 'yar shekara goma sha uku, kin kawo min abinci fadama? Injin ban ruwanmu ya ƙi jan ruwa, tumatir yana ta yaushi, na kwance kusan komai na baza a kan buhu, raina a ɓace. Kika ajiye kwano kika tsuguna a bakin rijiya, can kika ce, "Baba, ga kumfa nan tana fita a mahaɗar tiyo. Ko iska yake sha?" Na daka miki tsawa na ce ki tashi ki koma gida, ba a kawo ki koya min aiki ba. Kika tafi kina waiwaye. Da kika ɓace na duba wurin. Iskar yake sha. Na yanko roba na ɗaure, ruwa ya taso. Da na dawo gida kika tambaye ni ko ya gyaru, na ce eh, ban ƙara komai ba. To yau na ƙara: ke kika gano shi.

Shekara da shekaru ina jan Nasiru rumfa ina cusa masa sifana, shi kuwa ransa ba ya wurin, ga shi can Kano yana jan adaidaita sahu yana jin daɗin abinsa, Allah ya yi masa albarka. Ke da kike laɓewa a bakin zaure kina kallon hannuna, ban taɓa cewa ki matso ba. Ba don komai ba sai don ban taɓa ganin mace da baƙin mai a hannu ba, na ɗauka abin da ban taɓa gani ba babu shi.

Da kika gama sakandare kika ce wannan karatu kike so, ban ce miki a'a a fili ba, na zagaya. Wataƙila ba ki sani ba, na je har makarantarku wajen Malama Asabe, malamarku ta kimiyya, na roƙe ta ta lallashe ki ki koma aikin jinya. Na ce mata shi ne aka sani, ana samun aiki kusa da gida, kuma ya dace da mace. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Malam Sa'idu, aikin jinya aiki ne mai daraja, kuma in ta ce shi take so ni zan fara taya ta. Amma yarinyar nan in na ba su lissafi ɗaya, ita sai ta zo min da hanya biyu ta warware shi. Ba zan iya ce mata ba ta iyawa ba, don ƙarya zan yi." Na fito ina jin haushinta.

Shekarar farko makinki na jarrabawar shiga jami'a bai kai ba. Kika shigo da sakamakon idonki ya yi ja, ni kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai ga irinta nan." Kika shige ɗaki. Innarki ta biyo ni har zaure, ita da ba ta ɗaga min murya, ta ce, "Malam, ba jarrabawa ce ta sa yarinyar nan kuka ba, maganarka ce. Tun a hanya ta gama kukan jarrabawa." Maganar ta zauna min. Na zuba ido shekara guda ina kallonki: da safe ki koyar a Islamiyya, da rana ki taya Innarki suyar ƙuli, da yamma ki baza littattafai a gindin darbejiya har haske ya ƙare. Ba ki roƙe ni ba, ba ki yi min gardama ba, ba ki kuma fasa ba. A wannan shekara na gane ba ke ce ba ki san abin da kike yi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoron da ya kai ni wajen Malama Asabe bai gama fita ba. Na yi tambaya, an ce min wuraren aikin wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, wasu sai sun yi nisa, wasu su koma wani aikin injiniyanci daban. Amma na daina ɗaukar tsorona a matsayin sanin gaibu. Wanda ya fahimci yadda iska da wuta da ƙarfe suke aiki tare ba zai rasa inda zai amfani mutane ba, ko a sama ko a ƙasa. Ki yi karatun don ki iya, ba don takarda kawai ba, sauran na Allah ne.

Za ki haɗu da irina a can, a cikin ɗalibai har da malamai, waɗanda za su ga mace 'yar ƙauye da hijabi a ɗakin injuna su ɗauka ɓatan hanya ta yi. Kada ki ɓata lokacinki wajen faɗa da su, kada kuma ki ƙanƙantar da kanki don su ji daɗi. In kin ga kumfa a mahaɗar tiyo ki faɗa, in an daka miki tsawa ki sake faɗa cikin ladabi. Yawancinmu ba mugaye ba ne, jinkirin gani ne da mu. Ranar da kuma kika zama babba, aka ce ke ce injiniya, wani makanike mai dattin riga ko wani sabon ɗauka ya ce miki ga abin da ya lura, ki tsaya ki duba kafin ki buɗe baki.

Sauran abubuwan Innarki ta riga ta gaya miki, ta kuma fi ni iya faɗa. Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da jarrabawa ce a gabanki. Ki zaɓi ƙawaye masu tashinki karatu. Ki ci abinci, na san ki in kin sa kai a littafi sai a yi ta kiranki. Ki riƙa kiran Innarki ko ba labari, don ba za ta ce miki tana kewarki ba, sai dai in ga tana share ɗakinki sau biyu a rana. In wani darasi ya kayar da ke, mu fara ji daga bakinki, kuma na yi miki alkawari abin da kika ji daga bakina wancan karon ba za ki sake jin sa ba.

Mu nan kada ki sa mu a ranki. Damina ta yi kyau, alhamdu lillahi, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuya. Gyaɗar da kika shuka a gayaunarki ta bayan gida ta nuna, jibi za mu cire ta. Innarki ta ce ba za a taɓa ta ba, ƙuli da mai za ta yi miki da ita, duk wanda muka samu mai zuwa wajenku a ba shi. Ni kuwa raina fari ne ƙal. Na yi aikina, na ci halalina, na ga ranar da 'yata ta wuce inda na tsaya. Ban san abin da mutum zai ƙara nema ba.

Abu ɗaya ya rage. A al'adarmu ɗa ne ke durƙusawa ya nemi gafarar iyaye in zai yi tafiya, kuma na san za ki yi haka a tsakar gida kafin ki fita, ni kuma in ce ba komai, in kau da kai. To ga cikakkiyar amsar: ba ki taɓa yi min komai ba, in ma akwai na yafe miki duniya da lahira. Ke ce nake roƙo ki yafe min.

Allah ya yi miki albarka. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare mutuncinki da imaninki, ya buɗe miki abin da ya yi wuya, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokan zama nagari. Allah ya sa duk abin da hannunki zai taɓa ya tashi lafiya ya sauka lafiya, da duk wanda ke cikinsa. Ya dawo mana da ke muna raye, in kuma ya ƙaddara ba ma nan, ya sa ki tarar da albarkarmu tana jiran ki. Amin.

Innarki tana gaishe ki, Nasiru ya bugo ya ce a gaishe ki, mutanen gida duka suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Sa'idu Mai Gyaran Inji